Amsoshin Tambayoyinku: Ladduga, Garin da Shanu Suka Kafa

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin makonnin nan sun karkata ne ga batun kiwo, wataƙila saboda yawan maganar killace dabbobi da ake yi tun bayan da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a shekarar 2024. Na zaɓi guda huɗu daga cikinsu, domin dukkansu sun haɗu a wuri ɗaya da ke cikin jiharmu ta Kaduna, wato Ladduga.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne da ke bin hanyar Kaduna zuwa Kachiya, kuma kusan kullum sai na sauke fasinjojin da ke cewa Ladduga za su shiga, amma ban taɓa leƙawa ba. Shin gari ne ko ruga ce, kuma wa ya kafa ta? Daga wani mai karatu, Sabon Tasha, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye hanya. A takardun gwamnati Ladduga gandun kiwo ne, wato fili ne da hukuma ta keɓe wa makiyaya, kuma sunansa a can gandun kiwo na Kachiya. Mazauna wurin ne suka laƙaba masa Ladduga, daga kalmar Fulatanci "ladde" mai nufin daji, domin lokacin da na farko suka sauka babu abin da suka tarar sai kurmi da ciyawa. Faɗin gandun ya haura hekta dubu talatin, an kasa shi shiyya shida, kuma yana arewa da garin Kachiya, ba nesa da iyakokin ƙananan hukumomin Kajuru da Zangon Kataf ba. Wanda ya taso daga Kaduna ya wuce Kujama da Kasuwan Magani da Kufana da Idon, kafin ya kai Kachiya zai ratse a mararrabar da kuke kira Kurosin, inda kake sauke fasinjojin naka. Daga nan sai a nausa ciki har a kai Tampol, inda kasuwa da shaguna suke.

Yanayin ƙasar wurin shi ne abin da ya kamata a fara fahimta, domin shi ne ya tsara rayuwar mutanen. Yankin yana cikin dajin da ke tsakanin Arewa mai ƙarancin ruwa da kurmin Kudu, ruwan sama kan sauka daga wajen watan Mayu har zuwa Oktoba, kuma abin da ake samu a shekara yakan kai milimita dubu ko ya ɗara. Itatuwan da suka fi yawa su ne doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, sai kawo da maɗaci da madobiya waɗanda makiyaya kan sassare wa shanu ganyensu idan rani ya tsananta. Ciyawa irin su gamba da kyasuwa tana tashi ta fi mutum tsawo da damina, abin da kan sa baƙo ya ɗauka cewa shanun wurin ba su san yunwa ba. Amma irin wannan ciyawa tana saurin tsufa, da zarar ta yi kara ta bushe sai amfaninta ya ragu ƙwarai, saniya ta cika ciki da ita amma tana ramewa. Ƙasar kuma ja ce mai marmara a wurare da yawa, ba ta da ƙarfin fadama, rafuffukan da suka ratsa gandun kuma yawancinsu na damina ne.

Tarihin Ladduga ya faro ne daga dokar wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarar 1965, a zamanin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tun a wancan lokaci an lura cewa gonaki suna cin burtali da makiyaya, kuma gwamnati tana da dalilai biyu na son Fulani su zauna wuri ɗaya, na farko domin a riƙa samun shanunsu ana yi musu rigakafin bushiya da ciwon huhu, na biyu kuma domin jangali yana daga cikin manyan kuɗaɗen shigar hukumomin gargajiya. An keɓe gandun Kachiya ne bayan wannan doka, a lokacin da ake kiran wannan jiha Jihar Arewa ta Tsakiya, kafin a sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976. Kada a ɗauka cewa gandun ne ya kawo Fulani kudancin ƙasar Zazzau. Akwai Fulanin da ake kira Kachechere, waɗanda kakanninsu suka daɗe suna zaune tare da Bajju da Atyap da Ikulu da Adara da Jaba, suna jin harsunansu, suna sauke shanu a gonakinsu bayan girbi domin taki. Da yawa daga cikin mutanen Ladduga daga irin waɗannan gidaje suka fito.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekaru da dama bayan keɓe gandun makiyaya ƙalilan ne suka yarda suka shiga. Dalilinsu kuma ba taurin kai ba ne. Bafulatanin da ke zaune kusa da manoma yana samun karan dawa da harawa bayan girbi, matarsa tana da kasuwar nono a kowane ƙauye, yana kuma sayen hatsi a ƙofar gida. Idan aka ce ya koma tsakiyar daji, duk waɗannan sun kuɓuce masa, ga kuma ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, wanda a lokacin ya yi katutu a kurmin wurin. Gwamnati ta gina madatsun ruwa na ƙasa, ta share hanyoyi, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 masana daga cibiyar binciken dabbobi ta Afirka da a lokacin ake kira ILCA, mai hedikwata a Addis Ababa, suka buɗe ofishi a Kaduna suna aiki a Kurmin Biri da Abet da cikin gandun. Duk da haka a hankali aka riƙa shigowa.

Abin da ya cika Ladduga da mutane, abin baƙin ciki, shi ne rikici. Kowace fitina da ta tashi a kudancin jihar ko a Filato, musamman ta Zangon Kataf a 1992 da wadda ta biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, sai ta koro iyalai su nufo gandun, domin nan ne kaɗai suke ganin ba za a wayi gari a ce musu su tashi ba. A 2011 kawai dubban mutane ne suka shigo da dabbobinsu cikin 'yan makonni. Wanda ya ji sunan Tampol ba ya buƙatar a gaya masa irin rumfunan da aka fara zama a ƙarƙashinsu.

Yau idan ka shiga ba bukkokin kara za ka fi gani ba. Gidajen laka ne da na siminti masu rufin kwano, kowane gida da gonarsa ta masara da dawa da doya, wasu har da citta irin ta maƙwabtansu. Ba a cunkushe suke kamar unguwannin birni ba, sai dai rukuni rukuni, kowace zuri'a da nata wuro, wato matsuguninta, kowane rukuni da arɗonsa da ke sasanta tsakani da kuma tsaya musu a gaban hukuma. Akwai masallatan Juma'a da makarantun allo da na Islamiyya, akwai kuma makarantun 'ya'yan makiyaya da ke ƙarƙashin hukumar da aka kafa a 1989, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna. Babur ya maye gurbin jaki, wayar hannu kuma ta sa mai garke yana zaune a shagon shayi a Tampol yana jin labarin shanunsa da ke wata jiha. Don haka amsar tambayarka ita ce gari ne, sai dai gari ne da arzikinsa ke tafiya da ƙafa huɗu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne da ke karatun aikin gona. Kullum muna jin ana cewa a Amurka akwai ƙananan garuruwa na masu kiwo da kowa ya killace shanunsa, babu yawo babu rikici. Yaya suka yi, kuma me ya hana Ladduga zama haka? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Ɗana, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Masu kawo misalin Amurka sukan fara labarin ne daga ƙarshensa, ni kuwa zan faro maka daga farko. Bayan an gama yaƙin basasar ƙasar a 1865, jihar Teksas ta cika da shanu masu dogon ƙaho da ba su da kasuwa a gida, alhali a biranen gabas ana neman nama da tsada. Sai aka shiga koro su a ƙasa, tafiyar wata biyu ko fiye, ta hanyar da ba ta da bambanci da burtalinmu, har zuwa inda layin dogo ya tsaya. A 1867 wani ɗan kasuwa mai suna Joseph McCoy ya gina turakun shanu a wani ɗan ƙauye da ake kira Abilin a jihar Kansas, kuma a wannan shekara kaɗai an yi lodin shanu kusan dubu talatin da biyar a jirgin ƙasa daga can, mafi yawansu zuwa mayankan Shikago. Ka ga ke nan wannan garin kiwo ba shinge ne ya kafa shi ba, tashar jirgi ce da kara.

Rikici ma sun sha shi. Dokar rabon filaye ta 1862 ta bai wa duk wanda ya zauna ya noma eka 160 damar mallakarta, sai manoma suka yi ta kwararowa filayen da shanu ke kiwo. Da aka samu waya mai ƙaya mai arha, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, kowa ya shiga kewaye abin da ya samu, har da mashaya da hanyoyin da ba nasa ba, waɗanda aka tare wa hanya kuma suka riƙa bin dare suna yanke wayar. A 1892 manyan masu garke a jihar Wayomin sun ɗauko 'yan bindiga haya domin su far wa ƙananan makiyaya da suke zargi da satar shanu, sai da sojojin tarayya suka shiga tsakani. Kafin nan kuma tsananin sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa da ke sake a fili, wanda hakan ne ya koya wa masu su cewa dole a rage garke, a noma ciyawa, a yanke ta a adana. Ban da wannan, filayen da ake ta rabo ɗin nan ƙwace su aka yi daga 'yan asalin ƙasar, abin da babu mai hankalin da zai so a kwaikwaya.

Wani abin da masu cewa a killace kawai ba su cika sani ba shi ne, har gobe masu kiwo da yawa a yammacin Amurka ba a gonakinsu kaɗai shanunsu ke ci ba. Dokar kiwo ta 1934 ta tsara yadda za a riƙa ba su lasisin kiwo a filayen gwamnatin tarayya, a ƙayyade yawan shanun da lokacin shiga da na fita, su kuma biya kuɗi a kan kowace saniya duk wata. Da bazara a hau da shanu tsaunuka, sanyi ya gabato a sauko da su gida. Wannan ai tafiyar rani da damina ce, bambancin kawai shi ne an rubuta ta a takarda, kowa ya san iyakarsa, kuma akwai kotun da za ta tsaya wa mai takardar.

Su kansu garuruwan ƙanana ne ƙwarai, wasu mutanensu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Abin da ke riƙe da su shi ne karar gwanjon shanu, da shagon abincin dabbobi, da likitan dabbobi, da banki mai ba da rance a kan garke, da makaranta ɗaya da yaran ke zuwa daga nesa a mota. Lokacin yi wa maruƙa lamba da wuta maƙwabta kan taru a gidan mutum ɗaya su taya shi, gobe a koma gidan wani, kamar dai gayyar noma a wurinmu. Suna kuma da irin kukansu, domin matasa na gudu birni, garuruwan na raguwa.

Idan ka jera wannan da Ladduga za ka ga abin da ya ɓace. A ganina abu na farko shi ne tabbacin mallaka. Mutumin da ba ya riƙe da takardar da ta nuna cewa wannan yanki nasa ne shi da 'ya'yansa ba zai kashe kuɗin shanu goma ya kafa shinge ya shuka ciyawa ba, kuma babu bankin da zai saurare shi. An gwada wannan a aikace. Masanan ILCA sun ɓullo da abin da za a iya kira rumbun ciyawa, wato a kewaye fili kamar hekta huɗu kusa da gida, a shuka wata ciyawa dangin wake da ake kira sitailo wadda ba ta rasa ƙarfinta idan ta bushe, a hana shanu taɓa ta da damina, sannan da rani a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa su yi awa biyu ko uku a ciki kullum. Dabarar ta yi aiki, shanun da suka ci sun fi jure rani, maruƙansu sun fi rayuwa. Abin da ya durƙusar da ita a wurare da yawa shi ne tsadar waya, da gara mai cin turaku, da gobarar daji, da kuma rashin tabbas a kan filin. Sai abu na biyu, ruwan da zai kai ƙarshen rani, na uku kuma hanyar da motar ɗaukar madara za ta bi a watan Agusta ba tare da ta kafe ba. Na taɓa bin hanyar cikin gandun da damina, rabin yini muka yi muna tura mota, wata mata da ke ɗauke da ƙwaryar nono a ka ta wuce mu ta dawo ta same mu a inda ta bar mu.

Ba yau aka fara gwada gonakin kiwo masu shinge a Najeriya ba. An buɗe na Obudu tun 1951, an yi na Mokwa da na Manchok a nan kudancin Kaduna a shekarun 1960, kuma yawancin na gwamnati sun durƙushe da zarar kuɗin tallafi ya yanke. Shirin Ruga na 2019 ma bai daɗe a bakin jama'a ba aka dakatar da shi. Kai da ke karatun wannan fanni, zai fi maka amfani ka je ka ga abin da ya rage na rumbunan ciyawar nan ka tambayi dattawan da suka yi su, a kan ka haddace yadda ake yi a Teksas.

TAMBAYA: Malam, ina sana'ar kindirmo da fura a gida, kuma daga wajen Kachiya ake kawo mini nono. Me ya sa da rani yake yankewa ya yi tsada, alhali ana cewa shanu sun yi yawa a can? Daga wata uwargida, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah Ya sa albarka a sana'a. Yawan shanu daban, yawan nono daban. Shanun Ladduga kusan dukkansu bunaji ne, fararen nan masu baƙin kunne da hanci, kuma an san su da juriya ga tafiya da zafi da ƙarancin abinci, ba da cika ƙwarya ba. A irin kiwonmu na gargajiya abin da ake tatsa daga saniya ɗaya a yini, bayan an bar wa ɗan maraƙi rabonsa, bai cika wuce lita ɗaya ba. Karsana kan kai shekara huɗu ko biyar kafin ta yi haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma yakan kai shekara biyu, don haka a garken shanu hamsin waɗanda ake tatsa a lokaci guda ba su da yawa. Idan rani ya shigo ciyawa ta bushe, abin da saniya ke samu da ƙyar yake riƙe jikinta, sai nonon ya ja baya. Mai garke mai hankali kuma zai gwammace ya bar wa maraƙin ɗan abin da ya rage, domin maraƙin shi ne garken gobe. Ƙari a kan haka, a daidai wannan lokaci ne ake fita da mafi yawan shanun neman ruwa da ɗanyar ciyawa, a bar 'yan kaɗan a gida domin yara.

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya shafe ki kai tsaye a matsayinki na mace mai sana'a. A al'adar Fulanin wannan yanki maza da samari ne ke tatsa, amma da zarar nono ya shiga ƙwarya ya zama na matan gida. Ita ce za ta dafa, ta sa ya kwana ya yi kindirmo, ta kaɗa ta cire man shanu, ta ɗebi na gida, ta kai saura kasuwa, kuɗin kuma nata ne, da shi take sayen gishiri da sabulu da kayan miya da na 'ya'yanta mata. Wannan ne ya sa duk shirin da aka kawo na tara madara ɗanya a sayar wa kamfani yake buƙatar a yi hattara, domin idan aka rubuta sunan maigida a matsayin mai karɓar kuɗi, an raba matar da abin da ta gada daga uwarta ba tare da an sani ba. Ƙungiyoyin gama kai na masu madara da suka haɗu suka zama MILCOPAL a nan Kaduna sun daɗe suna wannan aiki na tarawa da sarrafawa, kamfanin Arla kuma ya buɗe gonar madara a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a 2023. Amma madara ɗanya ba ta jira, cikin 'yan awoyi take lalacewa idan babu sanyi, don haka inda babu hanya da wutar sanyaya ta, kindirmo da man shanu ne kawai za su iya isowa gare ki.

Shawarata gare ki ita ce ki ƙulla amana da gida ɗaya ko biyu maimakon sayen na kowa, ki kuma yarda ki ƙara musu wani abu da rani domin su sayi dusa da ƙulin auduga su ba shanun da ake tatsa. Kada kuma ki karɓi nonon da ba a tafasa ba kafin a kwantar da shi, domin cutar da Fulani ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, da tarin fuka na shanu, duka suna iya kama mutum ta ɗanyen nono.

TAMBAYA: Ni manomin citta ne. Tun da gwamnati ta ba makiyaya wuri nasu, me ya sa har yanzu muke ganin shanu a bakin gonakinmu? Daga wani manomi, Kachiya.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da aiki, kuma kukanka yana kan hanya, domin wanda ya zuba jarinsa a citta ya yi wata bakwai ko takwas yana jira, ga kuma annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, ba zai ji daɗin ganin sawun kofato a kunyarsa ba. Da farko dai ba duk shanun da kake gani ne na Ladduga ba. Yankinku mahaɗa ce ta garkunan da ke gangarowa daga Arewa da kaka su koma da farkon damina, kuma tun bayan farin shekarun 1970 da na 1980 wannan zirga-zirga ta ƙaru, ga shi an share kurmi ƙudan tsando ya ragu, wuraren da da shanu ba sa iya zama sun buɗe.

Amma gaskiya ne gidaje da dama na cikin gandun su ma suna fitar da garkensu, wasu da rani, wasu ma har da damina. Lissafin ba shi da wuya. A irin wannan daji saniya ɗaya tana buƙatar hekta da dama kafin ta ci shekara ba tare da ƙarin abinci ba, gandun kuwa faɗinsa bai ƙaru daidai da yadda mutane da dabbobi suka ƙaru ba, sannan gonakin mazauna wurin da kansu sun ci wani ɓangare na makiyayar. Madatsun ruwan da aka gina tun shekaru da dama sun cike da laka, wasu sukan ƙafe tun kafin watan Maris. Iyali na zaune, tsofaffi da mata da 'yan makaranta ba sa motsawa, samari ne ke tafiya da shanu, kuma sau da yawa yaro ne ƙarami ake bari da garken da ya fi ƙarfinsa, daga nan ne ɓarna ke faruwa.

A da akwai ƙa'idar da kowa ya sani a ƙasarku: ba a sakin shanu a gona sai mai unguwa ya sanar cewa an gama kwashe amfani, arɗo kan kai gaisuwa wurin dagaci kafin a sauka, idan kuma aka yi ɓarna dattawan ɓangarorin biyu su je su gani da ido a yanke diyya a biya. Citta ta ɗan rikita wannan tsari, domin takan daɗe a ƙasa bayan an girbe dawa da masara, wasu manoman ma sukan bar ta sai farashi ya tashi, don haka lokacin da makiyayi ke ganin an buɗe gonaki, taka gonar ba ta buɗu ba. Idan hakan ta faru gare ka, ka kira mai unguwa da arɗon da ya fi kusa tun sawun bai bushe ba, ka ɗauki hoton wurin da wayarka, a ƙiyasta asarar a gaban shaidu. Kafin kaka mai zuwa kuma ku manoman citta na unguwarku ku sanar da arɗo a gaban dagaci gonakin da ba a haƙe ba da watan da kuke sa ran haƙewa.